Ɓarauniyar Iska

Sau biyu jihar Kalifoniya ta ce a'a.
Sun zura wa salansa ƙarfe a baki
kamar likita mai duba maƙogwaro,
takarda ta fito: hayaƙi ya wuce ƙa'ida,
ba za a sabunta lamba ba.

Datsun ce, ta saba'in da bakwai, launin ɓawon lemo,
dogon hanci, kujera biyu kacal.
Mahaifina, Shigeru Hamasaki, ya saye ta
shekarar da zabibi ya yi kuɗi a Fresno,
ya bar mini ita, da almakashin yankan inabi,
da tarin da har yanzu nake ji a cikin gareji.

In na tada ta da safe sai ta yi ta haki,
allura ta hau, ta sauko, ta sake hawa,
kamar mai son faɗin magana yana haɗiyewa.

Tsoho Garabed Terzian ya tsallako shinge da kujerarsa.
Bai taɓa sifana ba tukuna. Ya kara kunne.
Ya ce, Noriko, wannan ba mai kabireta ba ce.
Akwai ɗan ƙyaure a bakin injin
da ke auna duk iskar da ta shigo,
a ba ta fetur daidai gwargwado.
Amma wadda ta haura ta katanga
babu ita a lissafi.
Ita ce ke sa injin yunwa alhali tanki cike yake.

Muka bi tiyo ɗaya bayan ɗaya.
Taswirar da ke liƙe a cikin bonet
zafin shekaru ya lashe rabinta.
Roba ta bushe, in ka lanƙwasa ta
sai ta karye kamar ɗanyar taliya.
Na canza bakwai. Hakin bai daina ba.

Shekara sha tara rabon Garabed da taba.
Ya aike ni na sayo mai kauri, mafi arha,
ya toshe bakin iska da safar hannu ta roba,
ya zuƙa, ya hura cikin tiyo,
ya yi tari har hawaye,
ya ce kada matata ta ji.
Muka yi shiru.
Can ƙasa, a cikin ninkin babban bututu,
wani siririn zare fari ya miƙe tsaye.
Tsaga ce da ba ta kai farcen yatsa ba.
Ashe nan ƙadangaren yake shiga.

Saura gwangwanin gawayi mai shanye tururin fetur,
saura bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi ciki
a sake tauna shi, kamar saniya mai tuƙa.
A nan na ci karo da shi.
An cire tiyon bawul ɗin, an toshe
da guntun fensir, rawaya,
duk sawun haƙora a jikinsa.
Na san haƙoran nan.
Haka yake tauna fensir in yana lissafin kwandunan inabi.

Garabed ya yi dariya: ubanki ya ce bawul ɗin
yana cinye masa gudu a kan titin casa'in da tara.
Mutumin da bai taɓa tsallake jar fitila ba!

Na zare fensirin da filaya, a hankali,
na kankare baƙin da ya daskare,
na mayar da tiyo inda dokar ta ce.

Allura ta tsaya a ɗari takwas. Ta tsaya cak.
Garabed ya ɗora kofin shayi a kan inji,
shayin bai ko girgiza ba.

Ran Talata takarda ta fito da e.
A hanyar gida, tsakanin gonakin almon,
na taka totur.
Gaskiyarsa ce, ta ɗan rage gudu.
Fensirin yana aljihun rigata,
yana sukata kaɗan duk lokacin da na sa giya.